Ƙullin da ke gindin inabi

A kudancin Suwizalan akwai wani dogon kwari mai suna Valais, inda kogin Rhône yake fitowa daga ƙanƙarar tsaunukan Alps ya gangara zuwa tafkin Janeba. Kwarin hawa biyu ne. A sama akwai garuruwa irin su Zermatt da Verbier da Crans-Montana, inda jama'a daga ko'ina suke zuwa da hunturu domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A ƙasa kuwa, a jikin gangaren da ke kallon rana, gonakin inabi ne hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Wajen kashi ɗaya cikin uku na inabin ƙasar daga nan yake fitowa.

Akwai baƙin da suke sanin hawan sama da hunturu, su zo su san na ƙasa da kaka ba da shirinsu ba. Wanda ya faɗi a watan Fabrairu aka yi masa tiyata a gwiwa, zuwa Satumba yana iya takawa amma likita bai sake shi ya hau tsauni ba, sai ya bi sahun masu ziyartar gonakin inabi. Masu gonakin sukan buɗe wa baƙi ƙofa, su zagaya da su cikin kunyoyi, su shiga da su ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako suke jere. Yawancin inabin nan giya ake yi da shi, abin da Musulmi ba ya kusanta, amma itacen halittar Allah ne, kuma abin da ke jikinsa shi ne a jikin inabin ci da na zabibi. Mai lafiyar ƙafa yakan wuce yana kallon 'ya'ya a sama. Mai jinyar gwiwa kuwa ƙasa yake kallo, don yana zaɓen inda zai sa ƙafa, shi ya sa yakan riga kowa ganin wani abu: a gindin kowane itacen inabi, 'yan yatsu kaɗan sama da ƙasa, akwai wani kumburi kamar an ɗaura ƙulli.

Wannan ƙulli tabon wata tsohuwar annoba ce. A farkon shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka a jikin dashen inabi da aka kawo ta jirgin ruwa. Da ƙyar ido yake ganinsa. Saiwa yake tsotsa, inda ya tsotsa ya kumbura ya ruɓe, itacen ya yi ta ramewa har ya mutu, manomi bai ga abin da ya kashe shi ba. Sai a 1868 wani masanin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, ya tone saiwar itacen da bai gama mutuwa ba ya ga ƙwarin rawaya-rawaya sun lulluɓe ta. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga duk wanda ya kawo magani. An malala wa gonaki ruwa, an ɗura guba a ƙasa, har da masu binne kwaɗo a gindin itace. Abin da Faransa take samu daga inabi ya faɗo daga sama da lita biliyan 8 a 1875 zuwa ƙasa da biliyan 2 da rabi a 1889.

Maganin ya fito daga inda cutar ta fito. Inabin daji na Amurka ya daɗe yana zaune da ƙwaron, saiwarsa ta saba, ana cizonta tana warkewa, sai dai 'ya'yansa ba su yi wa Turawa daɗi ba. Sai aka ce a yi musu aure, gindi na Amurka, kai na Turai, yadda masu lambu suke aurar da mangwaro. Manoma da yawa sun ƙi, suna ganin baƙon gindi zai ɓata musu asali. A yankin Burgundy sai 1887 aka halatta. A wuraren da ƙasa take da farar ƙasa da yawa, gindin farko da aka gwada ya yi ta yin rawaya, har sai da wani mai renon inabi na garin Denison a Texas, Thomas Munson, ya nuna musu irin da ke tsirowa a kan farin dutse. Faransa ta ba shi lambar girma a 1888. Yau kusan duk inabin Turai a kan aron saiwa yake tsaye, kuma irin inabin da ake kira Chasselas bai fasa zama Chasselas ba.

To, mai jinyar nan ma aro yake takawa a kai.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da ACL, tsawonta bai wuce santimita 3 da ɗan wani abu ba, amma ita take hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Mai zamiya yana sanye da takalmi mai tauri da ya kame idon sawu, an maƙala shi a jikin dogon faifai. Idan faifan ya kama ƙanƙara ya juya, jiki kuma ya nufi wani wajen, duk murɗar a gwiwa take sauka. Da yawa sukan ce sun ji ƙarar tsinkewarta. Kafin dare gwiwa ta kumbura. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan ciwo, shi ne yake ajiye ɗan wasa kaka guda. Ba ƙashi ne ya karye ba balle a ɗora, kuma jijiyar tana cikin ruwan gaɓa ne, jini kaɗan yake isa gare ta, don haka bakunan biyu ba kasafai suke komawa su haɗu ba. Likita sai ya yanko wata jijiya daga jikin mutumin, ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, ya huda ƙashin sama da na ƙasa ta 'yan ƙananan ramuka yana kallo da kyamara, ya zura ta a gurbin tsohuwar, ya ɗaure bakunan.

Ranar da aka sa ta, jijiyar nan ƙarfinta cikakke ne. Abin mamakin yana gaba. Tunda an raba ta da jininta, ƙwayoyin halittar da ke cikinta sai su mutu a makonnin farko, zaren kawai ya rage. Daga nan ƙananan hanyoyin jini su fara kutsowa daga naman da ke kewaye, sababbin ƙwayoyi su shigo su zauna, su riƙa warware tsohon zaren suna saƙa sabo. Ana cikin wannan warwara da saƙa ne jijiyar take kaiwa matuƙar rauninta, wajen mako na 6 zuwa na 12. Daidai lokacin kuma kumburi ya saɓe, an ajiye sandar dogarawa, zafi ya tafi, 'yan dubiya sun daina zuwa. Mutum yana jin ya warke a ranakun da abin da ke cikin gwiwarsa ya fi kowane lokaci saurin tsinkewa. Aikin saƙar yakan ci shekara ko fiye. Wani bincike da likitocin Norway da Amurka suka wallafa a 2016 ya gano cewa duk wata guda da ɗan wasa ya ƙara haƙuri, har zuwa wata na 9, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi.

Ko wata taran ma ba alkawari ba ne. Lindsey Vonn, Ba'amurkiya 'yar wasan zamiya da ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2010, ta tsinke wannan jijiya a Schladming ta ƙasar Ostiriya a Fabrairun 2013. Da manyan likitoci da masu horarwa a kanta, ta koma atisaye tana son ta riski gasar Olamfik ta Sochi, a Nuwamba ta sake faɗuwa a Colorado, wani ɓangare na sabuwar jijiyar ya yage. Gasar ta wuce ta, aka sake tiyata. Sai a Disamban 2014 ta dawo ta ci tsere. Jijiya ba ta san ranar da aka sa wa gasa ba.

Masu renon inabi sun san irin wannan jira. Da hunturu suke yanko sandar gindi da ɗan guntun kai mai ido ɗaya, na'ura ta fiƙe su yadda bakin ɗaya zai shige cikin ɗayan, koren da ke ƙarƙashin ɓawon wannan ya taɓa na wancan. A tsoma mahaɗar a kaki, a jera a akwati cikin jiƙaƙƙen garin katako, a ajiye a ɗaki mai ɗumi mako biyu zuwa uku. Wani farin nama sai ya tsiro daga ɓangarorin biyu ya cike tsakani, a cikinsa ne hanyoyin ruwa za su haɗu daga baya. Idon yakan tofo ganye tun hanyoyin ba su gama haɗuwa ba, da ɗan abincin da ke cikin sandar, saboda haka koren ganye ba shaida ba ne. Bayan damina guda a gandun reno sai a tone su, ma'aikaci ya ɗauki kowanne ya danna mahaɗar da babban yatsa. Wanda ya ɓalle a jefar, komai kyan ganyensa. Wanda ya tsira a kai shi gona a kafa masa turke, kuma idan ya yi 'ya'ya a shekarar farko ko ta biyu, manomi yakan tsinke su tun suna ƙanana. Sai shekara ta uku ake fara ɗiba.

Haka sulhu yake tsakanin mutane. 'Yan'uwa biyu sun ɓata a kan gado, ko mace ta yi yaji an je biko, ko abokan kasuwanci sun rabu a kan lissafi. Manya su zauna, a faɗi laifin kowa, a ce a yafi juna, a yi musabaha, a shafa fatiha. Ranar nan zumuncin yana da ƙarfi ƙwarai, domin idon dattawa yana kai, kowa kuma yana taka-tsantsan da harshensa. Amma abin da aka ɗaura ranar ba tsohuwar amanar ba ce, wannan ta riga ta tsinke. Wani abu ne aka aro daga kunya da girman iyaye da tsoron Allah aka sa a gurbinta, kuma sai ya bi ta cikin rauni kafin ya zama nama. Bayan wata biyu ko uku zafin ranar sulhu ya huce, masu shiga tsakani sun koma harkokinsu, an fara dariya tare. A nan ne ɗaya zai ga ai komai ya wuce, ya jefa irin wasan da suka saba yi da can, ko ya zo neman rance mai nauyi, ko ya tayar da maganar filin da aka ce a bari. Abin ya tsinke, jama'a su ce dama sulhun na baka ne. Sau da yawa ba na baka ba ne, da gaske aka yi shi. An dai ɗora masa kayan shekara yana da wata uku, kuma babu wanda ya leƙo a lokacin da ya fi bukatar a leƙo.

Sai dai lallaɓawa kaɗai ma tana kashewa. Da can likitoci sukan sa ƙafar a filasta makonni, daga baya aka ga gwiwa tana sandarewa, naman cinya ya zube. Yanzu tun kwanakin farko mai gashin ƙashi yake sa majinyaci ya miƙe ƙafar sosai, ya matse cinya, ya taka da ɗan nauyi. Daga baya keke na tsaye, sai tsuguno kaɗan-kaɗan, gudu kuwa sai bayan wata uku ko huɗu. Sababbin zaruruwan suna jeruwa ne ta fuskar da ake jansu. Jijiyar da ba a ja ba, saƙarta a hargitse take fitowa. Akwai kuma wani rashi da ba a gani. Tsohuwar jijiyar tana da 'yan jijiyoyin ji da suke gaya wa ƙwaƙwalwa inda gwiwa take ko ido a rufe, sabuwar ba ta zo da su ba. Shi ya sa ake tsayar da babban mutum a kan ƙafa ɗaya, a kan katifa mai laushi, a ce ya rufe ido, yana tangaɗi yana sake koyon abin da ya iya tun yana yaro.

Waɗanda aka sasanta su ma sukan rasa wannan ji. Da, kallo ɗaya ya isa kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa. Yanzu shiru ma sai an yi masa fassara. Wasu don gudun kuskure sai su tsaya a gaisuwa, ina kwana, lafiya lau, shekara da shekaru, ba faɗa ba hulɗa, su ɗauka zaman lafiya ke nan, alhali gaɓar ce ta sandare. Masu hikima sukan fara da ƙaramin nauyi: a aiki ɗan wannan gidan wancan, a ba da aron abin da ko bai dawo ba ba zai yi ciwo ba, a tafi jana'iza a mota ɗaya. Ya ɗauka, a ƙara.

Ƙullin kuwa ba ya ɓacewa. Itacen inabi yakan shekara hamsin, gindinsa ya yi kauri, ɓawonsa ya yi ta saɓulewa, kumburin yana nan, kamar yadda tabon tiyata yake zama a gaban gwiwa. Manomi ba ya rufe shi, kuma da dalili. Idan ƙasa ta taru ta binne mahaɗar, kan na Turai yakan ji danshi ya fitar da saiwar kansa, ya daina dogara da gindin da aka ba shi, gindin ya yi rauni. Ƙwaron kuma bai bar ƙasar Turai ba tun ƙarni na 19, yana nan cikin turɓaya, kuma irin wannan saiwa ce abincinsa. Saboda haka a gonakin da ake tara wa ƙananan itatuwa ƙasa don kare su daga sanyin hunturu, da bazara sai ma'aikata su bi kunya-kunya su janye ƙasar, su fito da ƙullin fili, duk saiwar da ta tsiro a samansa su yanke ta da wuƙa.