Abin Lura: Iskar da ke Tsaga Leɓe

Ba sai an gaya maka hunturu ya sauka a Magarya ba, dubi leɓɓan yara kawai. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai ka ga sun yi fari sun tsattsage, dugadugai sun yi faso, uwaye suna bin kowa da man kaɗanya ko basilin kafin a kwanta. Iskar daga arewa maso gabas take kaɗowa, ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma babu ɗigon laima a cikinta. Bushewar nan ce ke tsaga leɓe. To, iskar da ta yi wa leɓe haka ita ce dai ke gangarawa cikin ƙirji, inda hannu ba ya kaiwa balle a shafa mai.

Allah ya yi mana mai gadi a bakin ƙofa, wato hanci. Shi ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta isa huhu. Amma idan mura ta toshe shi, ko mutum yana haki, sai a koma shaƙa ta baki, iskar ta wuce ɗanya. Ɗan ruwan da ke lulluɓe da hanyoyin numfashi ya fara ƙafewa. Mai lafiya zai yi ɗan tari ya wuce. Mai asma kuwa dama can bangon hanyoyin nasa a kumbure yake, ko a ranakun da yake jin garau. Bushewa da sanyi na taɓa wurin sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su saki sinadarai irin su histamin, naman da ke kewaye da hanyar ya tsuke, kumburi ya ƙaru, majina mai kauri ta cika ɗan abin da ya rage. Fitar da iska ta fi shigar da ita wuya, shi ya sa ake jin ƙirji yana fito.

Duk wanda ya taɓa kwana da yaro a wannan hali ya san lokacinsa: gab da asuba, sa'ad da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Yaron ya ƙi kwanciya, ya zauna ya dafe gwiwoyi, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa da kowane numfashi, ramin maƙogwaro yana shiga yana fita. Uwa ta ce, "Sanyi ne ya kama shi." Ta faɗi rabin gaskiya. Sanyin ya zo ne ya tarar da ciwon a kwance, ya tashe shi. Wannan bambancin shi ne ya fi damuna, domin wanda ya ɗauka sanyi ne duka ciwon, da zafi ya shigo sai ya manta da shi har baɗi.

Magabata sun san wani abu. Amawalin rawani da Buzaye da dattawanmu ke rufe hanci da baki da shi yana riƙe ɗumi da laimar numfashin da ya fita, sai na gaba ya shiga da sauƙi. Ɗan kabu-kabu da ya tashi da duku-duku daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, da almajirin da ke fita karatun asuba, da matar da ke sheƙar gero, duk ɗan ƙyalle a fuska zai rage musu wahala. Amma akwai wata dabarar tamu da ke cutarwa: a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon wuta, a ƙara da turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa. An gudu daga sanyi an faɗa hayaƙi, shi kuma hayaƙin kara da gawayi yana rura kumburin ne kai tsaye. Gara a ƙara bargo, a bar wutar a waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kuma kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro da tamowa su suka fi cika gadajen yara a asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aiki tun 2005, don haka asma ba ta cika samun mai ambatonta ba. Ga kuma tsangwama: wasu suna haɗa ta da tarin fuka, alhali ita ba a ɗaukarta daga wani.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana sassauta hanyar cikin 'yan mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyun, irin su beklometazon, shi ke kwantar da kumburin sannu a hankali, kuma kullum ake shaƙarsa, ko da an ji sauƙi, a kuskure baki bayansa. Mutane suna gudunsa don ba sa jin aikinsa nan take, wasu kuma suna cewa wanda ya fara shaƙa ya zama bawan magani. Ba haka ba ne. Wanda shuɗiyar kwalbarsa ke ƙarewa da wuri, ya koma likita ya nemi na biyun tun kafin Nuwamba.

Yara ba su iya haɗa fesawa da shaƙa a lokaci guda. Binciken da aka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna cewa gorar roba ta rabin lita tana magance wannan: a huda gindinta daidai bakin maganin, a fesa sau ɗaya a ciki, yaro ya kama bakin gorar ya yi numfashi kamar sau biyar. A bari ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi, musamman ga ƙananan da sai da abin rufe fuska.

Idan kuwa yaro ya kasa haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ba, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta fama, kada a tsaya jiƙa sassaƙe ko jiran gari ya waye. A ci gaba da ba shi shuɗin maganin a hanya, a riƙe shi a zaune, a nufi likita mafi kusa.