Ƙofa a buɗe, gaisuwa a rufe

Shin adalci yana cika ranar da doka ta buɗe ƙofa? Makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point ta fara karɓar mata a 1976: 119 suka shiga, 62 suka kammala a 1980. Takwararta ta Faransa, Saint-Cyr, ta bi sahu a 1983. A takarda, magana ta ƙare.

Sai ga shi a 2018 jaridar Libération ta fallasa abin da ke gudana a makarantar soja mai shirya ɗalibai shiga Saint-Cyr. Ban da zagi, wasu samari sun haɗa baki suka daina yi wa ƴan matan ajinsu magana, wai suna kare al'adar gida. Mu da muka san nauyin gaba, mun san hana mutum gaisuwa kora ce, ko ba a nuna masa hanya ba.

Masu adawa sukan ce yaƙi sai da ƙarfin jiki. Gaskiya ne, kuma ƙarfi abu ne da ake aunawa: a ɗora kaya, a sa gudu, wanda ya kasa ya koma gida, namiji ne ko mace. To, shiru fa, me yake aunawa?

Abin da ya fi damuna shi ne saurayin kansa. Gobe za a danƙa masa sojoji masu addini daban, masu harshe daban, ya kai su inda ake mutuwa, alhali tun a aji ya saba zaɓen wanda ya cancanci ya amsa wa sallama.