Karta Ba Ta Riƙe Bashin Kowa

A Kakuri, inda masaƙar KTL ta yi shiru tun 2002, da Sabon Tasha da Unguwar Television, duk majalisar 'yan karta ta san maganar wanda aka cinye sau da yawa a jere: "Yanzu kam tawa ta zo." Kuskure ne, kuma tushensa gwama abu biyu da ba ɗaya ba, wato abin da lissafi ya ce zai iya faruwa da abin da ido ya ga ya faru.

Karta mai kati 52 sarki huɗu ne a cikinta. Tun ba a taɓa ta ba, lissafi ya ce damar jawo sarki ɗaya ce cikin 13. To, a ce mutum ya ja kati, ya duba, ya mayar, ya cakuɗa, har sau 13, sarki bai fito ba. Wa ya yi ƙarya? Babu. Lissafin nan dai shi ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku haka za ta same su, kuma ja na 14 damarsa tana nan yadda take. Abin da Jacob Bernoulli ya tabbatar a littafinsa da aka buga a Basel a 1713 shi ne, idan gwaji ya yi yawa, sakamakonsa kan matso kusa da lissafi. John Kerrich, da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Ba ramuwa kwabon ya yi ba, yawan jifa ne ya shanye karkatar farko. Saboda haka aikin gwaji shi ne binciken kartar: idan an ja sau 13,000 sarki ya fito sau 1,500 maimakon wajen 1,000, a ƙirga katin, akwai lauje cikin naɗi.

Ɗan karta zai ce ai a wasa ba a mayar da kati, kuma wanda ya lura da abin da ya fita yana cin riba. Gaskiya ne. Idan kati goma sun fita babu sarki, dama ta koma huɗu cikin 42. Amma kartar ce ta ragu, ba haƙurinsa aka saka masa ba.

Mai addini kuma, Musulmi ko Kirista, yana iya cewa auna abin da bai faru ba shisshigi ne cikin ƙaddara. A ganina lissafin dama iyakar saninmu yake aunawa. Katin da ke sama ya riga ya zama abin da yake, Allah ya san shi, mu ne muka jahilce shi. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, amma Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, kuma da ƙuri'a aka zaɓi Matiyas a Ayyukan Manzanni. Adalcin ƙuri'a daidaiton dama ne kafin a jefa. Sunan mutum ɗaya na iya fitowa sau uku a jere ba a zalunci kowa ba. Zalunci sai in an sa sunansa sau biyu a cikin ƙwaryar ƙuri'ar.