Kama da Wane Ba Ta Wane: Tunani a Kan Tagwayen Kalmomi

Wata safiya da damina muka fita daga Gwagwalada tare da ɗalibanmu, muka nufi Paikon Kore domin aikin tattara adabin baka. Da motar ta iso bakin garin, sai wani ɗalibi ya karanta allon da aka rubuta sunan wurin, ya dubi gonakin doya da suka yi shar hagu da dama, ya ce lalle an dace da suna, gari ne kore. Wata ɗaliba ta ce sam, wannan kore ta korewa ce, wataƙila an taɓa kore wasu daga nan. Gardama ta kaure, kowa na kawo hujja, har muka sauka. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a cikin masu gardamar nan babu wanda ya yi tunanin cewa sunan yana iya zama ba Hausa ba ne, alhali kuwa ƙasar Gbagyi muke takawa, kuma harafin farko na sunan ma baƙo ne a bakin Bahaushe, wanda in an bar shi da harshensa Faiko zai ce. Wannan ƙaramin al'amari shi ya jawo tambayar da muke so mu tattauna: idan kalmar wani ta yi kama da tamu harafi da harafi, shin muna da haƙƙin ɗora mata ma'anar da muka sani?

Kafin mu leƙa gidan wani, ya kamata mu fara da namu, domin Hausar boko cike take da irin waɗannan tagwaye. Rubutun da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsayin wasali. Saboda haka fari guda a takarda yana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara, ko kuwa mafarin abu. Baba yana iya zama mahaifi, ko gwaggo, ko shukar da marina ke rini da ita, ko bawan fada da aka dandaƙe. Haka kuka da wuya da gari suke. A baki kowace da muryarta, yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita garin tuwo da garin Kano. Alƙalami ne ya sa musu riga iri ɗaya. A nan ajami ya ɗan fi boko adalci, don shi yana da hanyar nuna dogon wasali, ko da yake shi ma bai kula da karin sauti ba. Da ba don haruffa masu lanƙwasa da aka shigar cikin rubutunmu a shekarun 1930 ba, da ƙasa da kasa, ko ƙarya da karya, su ma sun zama ba a rarrabe su. Har yau kuwa duk wanda ya yi rubutu a waya ba tare da waɗannan haruffa ba ya san irin abin kunyar da hakan kan jawo.

Idan abu ya kai haka a cikin harshe guda, ina ga an haɗa harsunan duniya da yawansu ya kai kimanin 7,000, da yawa daga cikinsu kuma suna aron haruffan Rumawa ƙwaya 26? Sautukan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa ƙididdigaggu ne, kalmomi kuwa ba su ƙirguwa, don haka tilas ne su riƙa cin karo. Ɗauki Sale, sunan da muka samo daga Salihu na Larabci. Idan Malam Sale ya ga sunansa a ƙofar kanti a Abuja, sayarwa ake nufi da Ingilishi. Idan ya tsallaka Maraɗi ya gan shi cikin rubutun Faransanci, ƙazanta ake nufi. Idan ya kai Italiya, gishiri ne. Gari a Swahili mota ce, a Japan kuwa citta ce da aka jiƙa ake ci da kifi. Kai, wadda a wurinmu take nufin kan mutum da abokin magana da isar da saƙo, a tsibirin Hawai teku ce, a bakin Maori na Niyu Zilan abinci ce. Mama a ƙasar Jojiya uba ne. Kano ma, da muke tinƙaho da ita, sunan Bajapanen nan ne Jigoro Kano wanda ya kafa wasan judo a 1882, kuma babu abin da ya haɗa shi da Dala ko Gwauron Dutse. Kusa da gida kuma, abin da Bahaushe zai karanta uwa da uba, a Ibo duniya ne da arziki, in an ɗauke ɗigon da suke sa wa a ƙarƙashin wasalin farko.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne inda rubutu ya zo ɗaya, ma'ana ma ta zo ɗaya, amma asali ya sha bamban. Ni a Hausa mai magana ne, haka ma a harshen Bask na arewacin Sifen, alhali harsunan biyu ba dangin iya ba na baba. A Sinanci kuwa ni abokin magana ne, watau kai. Kalmar da Farisawa ke kiran mummunan abu da ita daidai take da ta Ingilishi, kuma masana sun tabbatar kowace da hanyar da ta biyo. Masanin harsuna R. M. W. Dixon ya tarar cewa a harshen Mbabaram na Ostireliya sunan kare daidai yake da na Ingilishi, ba kuwa aro ba ne, daga tsohuwar kalmar kakanninsu ya samo asali. Ashe ko kama biyu sun haɗu, ta siffa da ta ma'ana, ba su isa shaidar jini ba.

Magabata sun daɗe da lura da wannan tarko. Aristotal ya buɗe littafinsa na rabe-raben abubuwa da bayanin abubuwan da suka yi tarayya a suna kawai, ya kawo misalin mutum da hoton da aka zana, waɗanda Girkanci ke kira da kalma guda. Malaman Larabci sun ba abin suna mushtarak, suka yi ta kawo misali da ain, wadda take nufin ido da idon ruwa da ɗan leƙen asiri. Malaman tafsiri kuwa, tun daga Muƙatil ɗan Sulaiman wanda ya rasu a 767, sun ware fanni sukutum don bin fuskokin kalma ɗaya a wurare daban-daban na Alƙur'ani, saboda sun san wanda ya ɗauki fuska guda ya shafa wa kowace aya zai ɓata, ya kuma ɓatar. A wurinsu tantance ma'ana amana ce, ba gwanintar nahawu kawai ba.

Mu ma mun ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan amana a kan kalmar boko. Shekaru da dama ana koyar da cewa daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka aro ta, ba don komai ba sai don sun yi kama, har manyan masana suka rubuta haka. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, jaridun duniya suka ɗauki wannan bayani suka yaɗa. A 2013 ne Paul Newman ya fito da maƙala ya nuna cewa boko kalmar Hausa ce ta gado, mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da waɗannan ma'anoni. Bambancin ba ƙarami ba ne. Bayanin farko yana nuna kakanninmu sun ga littafi sun kwaikwayi sunansa; na biyu yana nuna sun ga makarantar Nasara sun yanke mata hukunci da kalmarsu. Wanda ya riƙe na farko ya rasa wani babi na tarihin yadda Arewa ta karɓi mulkin mallaka.

Sai dai a lura, a kan boko mu aka yi wa karatun kuskure. A yankin Abuja kuwa mu ne masu yi. Bahaushe yakan ji Kuje ya yi dariya ya ce ku je, ya ji Zuba ya tuna zuba ruwa, ya ji Kwali ya tuna kwalin sabulu ko kwalin digiri. Amma Kwali ita ce mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954, wadda aka sa hotonta a bayan takardar naira 20. Sunan Abuja kansa tagwaye ne: akwai Abujar da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, wadda aka mayar Suleja, akwai kuma Abujar da doka mai lamba 6 ta 1976 ta ƙirƙira a zamanin Murtala Muhammed, aka tare cikinta a 1991. Wannan ta biyun a kan gonaki da kaburburan Gbagyi da maƙwabtansu aka gina ta, an kuma tashi ƙauyuka da yawa dominta. Ke nan ɗalibarmu da ta ji korewa a cikin Kore ta taɓo wani ciwo na gaske, amma ta ƙofar da ba ta tabbatar ba. Mutumin da aka karɓe wa gona, idan aka zo aka fassara masa sunan garinsu da harshen baƙo, an ƙara karɓe masa wani abu ne, ko da kuwa cikin raha aka yi.

Dole kuma mu faɗi abin da ba ya mana daɗi. Mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, mu Gwari muke ce musu, kuma daga wannan suna muka ƙera gwaranci, muka ba maganar jariri da duk wata magana da ba ta fita. Girkawa ma haka suka yi da duk wanda ba ya jin harshensu. Mu da muke jin zafi idan aka kira mu aboki a Legas da muryar raini, kalmar da asalinta zuma ce aka mayar da ita maɗaci, ya kamata mu fi kowa gane wannan. Misalin aboki yana kuma gyara mana wani zato: sanin asalin kalma kaɗai ba ya wanke mai magana, domin ga kalma asalinta ɗaya, rubutunta ɗaya, amma ta rabu biyu a bakuna biyu. Mai amfani da ita da wanda ake jifa da ita su ne shaidun ma'anarta.

Wani zai ce mun tsananta. Ai wasa da tagwayen kalmomi gishirin adabi ne. Malaman balaga sun kira shi jinasi, mawaƙanmu na baka da na rubutu sun ci abinci da shi, kacici-kacici da zaurance da barkwancin taubasai duk a kansa suka dogara. Labarin da ke cewa sunan Hausa daga hau sa ya fito, ko masani bai yarda da shi ba, ya san yana ɗauke da wani abu na yadda mutane ke kallon kansu. Mun yarda da wannan ƙwarai, ba kuma za mu so ranar da za a hana ɗalibi murmushi idan ya ji Kuje ba. Amma mai jinasi ya san kalmomi biyu ne a hannunsa, daɗin wasan ma daga wannan sani yake fitowa. Wanda muke jin tsoro shi ne wanda ya ga biyu ya ɗauka ɗaya ce, ya rubuta a kundin digirinsa, wani ya kwafa, bayan shekara 20 ta zama tarihi. Mun sha duba kundayen da aka haɗa wata al'umma da Misira ko Habasha ko Yaman bisa kalmomi uku ko huɗu da suka yi kama. Da irin wannan awo, ai da mun haɗa Kanawa da Japan tun tuni.

Ma'aunin da masana tarihin harshe suka yarda da shi mai wahala ne: sai an sami sauti yana amsa sauti bisa ƙa'ida a cikin ɗimbin kalmomi, sa'an nan a ce akwai dangantaka. Da irin wannan haƙuri aka gane cewa Hausa 'yar gidan Cadi ce, 'yar'uwar Angas da Bole da Bade, Gbagyi kuwa danginsa su ne Nufawa. Maƙwabta ne na ƙarnuka, sun yi ciniki, sun yi auratayya, sun ari kalmomin juna, amma kowa da kakansa.

Da yamma, kafin mu bar Paikon Kore, mun tsaya sayen doya a wurin wata dattijuwa. Ta yi ciniki da mu da Hausa tsaf, ta juya ta yi wa wata Bafulatana mai nono magana, ta kuma tsawata wa jikanta da Gbagyi. Mu goma sha huɗu ne a motar, har da mu mai digiri uku, amma babu wanda ya iya mayar mata da gaisuwa da harshenta. Ɗalibin nan mai cewa gari ne kore shi ya fara jin nauyi, ya fito da littafinsa, ya durƙusa ya ce, "Iya, don Allah yaya ake cewa sannu da aiki?" Ta faɗa masa, ya rubuta, ya karanta mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce abin da ya faɗa wata magana ce daban, ya sake.