Ranar da Awartaki Zai Ƙera Kansa

Wanda duk ya taɓa tsayawa a maƙera cikin birnin Zariya ya san maƙeri da masaba yake ƙera masaba, da awartaki kuma yake riƙe jan ƙarfen da zai zama sabon awartaki. In na yau ya fi na jiya kyau, na gobe zai fi na yau. Amma hannun maƙeri ɗaya ne ke juya su duka, shi kuwa yakan gaji, yakan tsufa, ya mutu. Saboda haka tilas ya koya wa yaransa.

Ilmi ma hakanan yake, sai dai yana da wani hali wanda dukiya ba ta da shi. Mai gero in ya ba maƙwabcinsa mudu guda, nasa ya ragu. Malamin Unguwar Kona kuwa in ya karantar da almajiri ɗari, ko wasali ɗaya bai ɓace daga kansa ba. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Paul Romer, a kan wannan hali ya kafa bayaninsa cikin 1990, ya nuna cewa arzikin ƙasashe yana ƙaruwa ne domin dabara guda tana iya yi wa mutane da yawa aiki a lokaci ɗaya. Aka ba shi kyautar Nobel a 2018. Abin da ya biyo baya a fili yake: yawan masu nema shi ne yawan abin da za a samo.

To, amma akwai cikas. Mai haƙa rijiya gaba ɗaya na farko ba ya ba shi wuya, na goma shi ne mai fid da gumi. A 2020 waɗansu masana huɗu, cikinsu har da Charles Jones, suka lissafa cewa masu binciken da ake bukata don ƙarfin kwamfuta ya riƙa ninkuwa duk shekara biyu sun fi na farkon shekarun 1970 yawa fiye da sau 18. Watau dabaru suna ƙara nisa, masu bin sawunsu kuwa sai an haife su, an yi musu reno, an sa su makaranta.

Nan ne batun na'ura ya shigo. Tun 1965 wani Baturen Ingila mai ilmin lissafi, I. J. Good, ya yi hasashen cewa in aka ƙera na'urar da ta fi mutum iya tunani, za ta tsara wadda ta fi ta, waccan kuma ta tsara ta gaba, har mutum ya kasa bin su. An ga ɗan alamar haka a 2017, sa'ad da AlphaGo Zero ta koyi wasan Go, wani irin dara na mutanen Sin, ta hanyar karawa da kanta kawai, har ta rinjayi wadda ta kayar da gwanin duniya Lee Sedol a 2016. Masana ba su daidaita ba. Waɗansu sun ce abin zai ruga da gudu, waɗansu sun ce wutar lantarki da kayan aiki da jinkirin gwaji za su riƙe shi, kamar yadda gawayi ke riƙe maƙeri kome gwanintarsa.

Akwai wani abu wanda lissafin nan bai taɓa ba. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Ana ba da labari cewa bayan ya yi wani gini a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, mugun nufin bai ci nasara ba, gama Durugu ba shi kaɗai ya ɗaga bakan gizon masallacin ba. Masu kwaɓa ƙasa da masu miƙa tubali da azara duk suna kallo, sana'ar kuma ta zauna a zuriyarsa. Bukatar hannuwa da yawa ita ta hana rowa.

Na'urar da ke gyara kanta ba ta bukatar almajiri. Mai ita yana iya rufe ƙofa, ilmin ya yi ta ƙaruwa a ciki, ba wanda ya koyi kome a waje. Manyan na'urorin nan kuwa a hannun 'yan kamfanoni kaɗan suke, yawancinsu a Amurka da Sin. Da can mai ilmi yana koyarwa domin lada da kuma domin tilas. In tilas ta kau, sai a ga nawa ne daga cikin koyarwar nan dā ma don lada ake yi. Dattijon da ya koyi haɗa baƙi da wasali a ajin Yaƙi da Jahilci ya samu ne domin ƙasa tana bukatar masu karatu, gwamnati kuma ta san haka.