Neman Magani Ma Ibada Ne

'Yan'uwa mata, Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma Allah Ya ajiye waraka a tsirrai da halittun teku. Vincristine, maganin sankarar jini, daga wani furen Madagaska aka tace shi, Amurka ta amince da shi a 1963. Cytarabine kuwa daga binciken soson teku aka gano hanyarsa. Amma fa sai da aka gwada, aka auna, don in ya yi yawa guba ne.

To jiƙon da ake talla a Fagge da kasuwar Sabon Gari, wa ya auna shi? 'Yar'uwa, in kin ji ƙullutu a mama, kada kunya ta sa ki ɓoye. Garzaya Asibitin Malam Aminu Kano, ki haɗa da addu'a. Jikinki amana ne. Allah Ya ba mu lafiya, amin.