Littafin Da Ba A Gadonsa, Na Wane Ne?

 

A watan Nuwamba na 2010 wani kamfanin sayar da littattafai na Amurka mai kantuna ɗaruruwa, Barnes & Noble, ya fito da wani allon karatu na lantarki mai suna Nook Color. Girman fuskarsa inci 7, yana nuna rubutu da hotuna da launinsu, kuɗinsa Dala 249. Mai allon yakan biya kuɗin littafi ta intanet, nan take littafin ya sauka a ciki. Kamfanin ba shi da kanti a ƙasar nan, amma irin cinikinsa ya iso, domin wayar da ke hannun ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tana yin wannan aiki.

To, abin tambaya shi ne, wanda ya biya kuɗin nan, me ya saya?

Malaman fiƙihu sun rarrabe ciniki da haya. Ciniki yana mallakar da zatin abu, watau mai saye ya sayar in ya so, ya yi kyauta, ya ba da aro, ya yi waƙafi, in ya rasu magada su raba. Haya kuwa amfanin abu kaɗai take mallakarwa, kuma sai an yanke mata ajali sananne. A mazhabar Malikiyya, idan mai sayarwa ya gindaya sharaɗin da ya rushe manufar cinikin, kamar ya ce kada mai saye ya sayar wa kowa ko ya bai wa kowa, cinikin ya ɓaci, sai fa in ya janye sharaɗin. Duk ɗalibin da karatunsa ya kai babin ciniki a Muhtasar na Shehu Halil ya san wannan mas'ala.

Littafin da ke cikin irin wannan allo a kulle yake da sunan mai saye. Ba ya iya sayar da shi. Aro ma, a wancan lokacin wasu littattafai ƙalilan aka yarda, sau ɗaya tak, na kwana 14. Ke nan bai cika ciniki ba. Bai kuma cika haya ba, tun da ba a faɗi ranar ƙarewarsa ba. Ranar kuwa takan zo. A watan Maris na 2016 kamfanin ya rufe kantinsa na intanet a Ingila, ya miƙa masu sayensa ga Sainsbury's, shi ma kafin shekarar ta fita ya bar sana'ar. A nan gida, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Biyan kuɗi a kan abin da ba a san iyakar zamansa a hannu ba, shi ne abin da malamai ke kira garari.

Abin ya wuce maganar kuɗi. Ilmi a Zamfara da aro ya yaɗu. Almajiri ya ari Ishmawi ko Risala a zauren malaminsa, ya kwafa da tawada, ya mayar. Malami ya rasu, a kwance gafakarsa, 'ya'ya su tarar da bayanin da ya rubuta da hannunsa a gefen shafi, su ɗora daga nan. Littafin da ya mutu tare da lambar sirrin mai shi ya yanke wannan igiya, ba kuwa da saninsa ba.

Amma fa kada a zalunci na'urar. Mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da 'yan bindiga suka tayar da tsakar dare ba su tsaya ɗaukar akwatin littattafai ba. Wuta da gara da ruwan damina sun ci nasu rabo. Wanda ya fita da waya a aljihu yana iya fita da tafsiri mujalladi goma. Wannan ni'ima ce, wanda ya musa ya yi butulci.

Sai dai watan Satumba na 2021 ya nuna iyakarta. Da hukuma ta katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba intanet, sai masu karatu suka rabu biyu. Wanda littafinsa ke ajiye cikin katin wayarsa ya ci gaba da karatu muddin ya sami caji. Wanda sai ya leƙa rumbun wani kamfani kafin ya buɗe shafi, ya zauna riƙe da gilashi.

Saboda haka aibin yana ga sunan da aka ba cinikin. Haƙƙin marubuci abin kiyayewa ne, kuma ba laifi ya ba da hayar littafinsa. Amma wajibi ne mai dandali ya rubuta haya inda yake rubuta saye, ya faɗi ajali, ya rage kuɗi daidai da haka. Shi kuma malamin da ya sami allo kada ya yi gaggawar rabuwa da na takarda. In mai hali ya yi nufin yin waƙafin littattafai ga makarantar Islamiyya a Shinkafi, to, ya tambayi mai sayarwa tukuna ko za su buɗu a hannun ɗalibin da ba shi ya biya ba.